Hangen dala ba shiga birni ba: lissafin da muke ƙin yi kafin mu tura yaro Abijan

Ranar Litinin ɗin da ta biyo bayan ɗaurin hatsi, na kira suna a ajina na CM2, yara uku ba su amsa ba. Ban tambayi inda suke ba, don na sani. Duk malamin da ya koyar a ƙauyukan Adar ya san wannan shirun: da zarar dammunan hatsi sun shiga rumbu, sai benci ya fara yin fili. Babba a cikin ukun shekararsa 15, kuma shi ne na biyu a lissafi a ajin. Da aka tashi na bi gidansu. Na tarar da uban a zaure yana tufkar igiya, ya ce mini: "Mushe, ka yi haƙuri, ya bi ƴan uwanshi Abijan. Can ko mi ne ne, ya samu abin da zai aiko muna." Na ce: "To Malam, nawa zai riƙa kashewa a wata kafin ya samu na aikowa?" Ya ɗago ya dube ni kamar na yi masa wani yare. Bai taɓa yi wa kansa wannan tambaya ba, kuma babu wanda ya taɓa yi masa ita.

Wannan tambayar ce na kawo mana yau, iyaye da ƴan uwana malamai. Mun iya ƙirga abin da ɗan biɗa ya aiko. Mun san ranar da saƙon Nita ko Al Izza ya shigo salula, mun san ko jika nawa ne, mun san gidan da ya samu fiye da namu. Abin da muka ƙi ƙirgawa shi ne kuɗin da baƙo sabon zuwa yake biya kowace rana don kawai ya kwana da rai a birnin bakin teku. Muna tura yara da rabin lissafi. Laifin namu ne mu duka: iyayen da ba su tambaya, da ƴan biɗar da suke dawowa su ɓoye gaskiya, da mu malamai da muka san lissafin muka kame baki.

Kada wani ya ɗauka ni maƙiyin biɗa ne. Da kuɗin Kurmi aka sayi kaye da alƙalamin da na yi lakwal da su, har na shiga makarantar horon malamai ta Tawa. Mahaifina ya yi rani fiye da goma a Abijan. Tun zamanin Turawa mutanen ƙasar nan suke gangarawa Kumasi da Akra da Abijan bayan kaka. Fim ɗin nan na Jean Rouch, Moi, un noir, na 1958, labarin ƴan Nijar ne masu aikin ƙarfi a unguwar Tireshbil, kuma Oumarou Ganda da ya fito a cikinsa dako yake yi a tashar jiragen ruwa kafin ya zama mai shirya fim. Abincin da talakan Abijan ya fi ci da rana, ačeke da soyayyen kifi, sunansa garba, kuma kowa a can ya san ƴan Nijar ne suka yi suna wajen sayar da shi. Mai teburin kofi da burodi a bakin titi, aboki suke kiransa. Guminmu yana cikin birnin nan har cikin kalmominsa. Sai dai mahaifina ya tafi yana magidanci, da jarinsa, da sana'ar da ya iya. Abin da muke yi yanzu, mu cire ɗan shekara 15 daga aji mu jefa shi mota hannu rabbana, wani abu ne daban, kuma ina da shaida a cikin gidanmu.

Ɗan yayata ya bar kwaleji yana sankiyam, a watan Nuwamba na 2023, yana da shekara 16. Uwarsa ta sayar da awaki biyu, ubansa ya ba da rabin gonarsa jingina, aka haɗa masa jika 150. Jika 10 a ciki daga aljihuna suka fito. Na faɗi wannan don kada a ce ina jifa daga kan tudu: ranar da ya kamata in hana, sai na ba da gudummawa, na yi masa addu'a.

Hanyar Burkina ta yi haɗari, don haka suka bi ta Gaya. Gada a rufe take tun bayan juyin mulkin Yuli 2023, sai da kwalekwale suka ƙetare zuwa Malanbil, mutum da kuɗinsa, jaka da kuɗinta. Daga nan Kwatano, Lome, a ratsa Gana, sannan Kodebuwa. Kowace iyaka da shingenta, kuma yaron da bai da cikakkun takardu, bai da katin rigakafin shawara, shi ne ake fara saukewa daga mota, shi ne kuma ya fi kowa biya. Ranar da ya sauka tashar Ajame, jika 11 ne suka rage a aljihunsa. Wato kafin ya sayar da ko allura, rabin gonar ubansa da awakin uwarsa sun riga sun narke a hanya.

Da ya zo ƙaramar Sallah ta 2025, bayan wata 16, wani dare ya same ni ina gyaran kayen yara. Ya zauna ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ciro wani tsohon kaye daga cikin riga ya ce: "Kawu, kai ka koya muna rubuta abin da ya shiga da abin da ya hita. Duba ka gani, amma kada ka nuna ma Inna." Na nemi izininsa kafin in kawo abin da ke ciki nan, ya yarda bisa sharaɗin kada in faɗi sunansa. Ga kashe-kashensa na wata guda, a lokacin da abubuwa ke tafiya daidai:

Abinci: kofi da burodi da safe dala 40, garba da rana dala 100, shinkafa da dare dala 100, ruwan leda dala 20. Jika 1 da dala 60 ke nan a rana, jika 39 a wata.
Mota: gbaka daga Abobo zuwa Ajame dala 50, dawowa dala 50. Jika 15 a wata.
Wanka da ban ɗaki: dala 30 a rana, jika 4 da rabi a wata.
Kwana: ɗaki guda na jika 30, su shida ƴan garinmu, kowa jika 5, da jika 1 da rabi na kuran da ruwa. Jika 6 da rabi.
Kiredin salula: jika 3.

A haɗa: jika 68. Babu sabulu a ciki, babu aski, babu takalmi, babu ko ƙwayar maganin ciwon kai.

Iyaye, ku sake duba layi na uku. A ƙauye wa ya taɓa biyan kuɗi don ya kewaya? Wa ya taɓa sayen ruwan wanka da bokiti daga hannun wanda bai san sunansa ba? A nan yaro yana iya yin mako bai taɓa ko dala ba, kuma ya ci, ya sha, ya kwana. A birni mai mutum sama da miliyan 5, fitsari ma da kuɗinsa. Wannan shi ne abin da uban da na tarar a zaure bai iya hangowa ba, don a duniyar da ya sani, duk abin da mutum ya samu a rana riba ce. A can, jika biyu na farko da yaro ya samu kowace rana ba nasa ba ne, na birni ne.

To nawa yake samu? Maigidansa, wani mutumin yankinmu mai shago a Ajame, yana ba shi kaya bashi: caja, abin saurare na kunne, gilashin salula. Ya yi ta yawo da su tsakanin motoci tun safe, da yamma ya kawo uwar kuɗi ya riƙe abin da ya hau. A rana mai kyau jika 3, a mai dama-dama jika 2. Mu ce jika 2 da rabi kullum, kwana 30 ba hutu ko na Juma'a: jika 75. A cire 68, saura jika 7. Don a gane nauyin wannan adadi: tun Janairun 2023 mafi ƙarancin albashi a Kodebuwa sefa 75,000 ne a wata. Daga nan ƙauye adadin yana da girma, ya kusa ninka namu na Nijar. Amma kun ga inda yake tafiya. Kuma wannan albashin na ma'aikaci ne mai takarda, wanda aka rubuta sunansa. Yaronmu ba shi da albashi. Ranar da aka wuni ana ruwa, kuma a watan Yuni ana iya jera kwanaki ana yi, bai samu komai ba, amma cikinsa da ɗakinsa ba su san an yi ruwa ba.

Wani zai ce ai in ya daɗe zai kama ɗakin kansa ya natsu. Dokar haya ta Kodebuwa ta 2018 ta ce mai gida ba zai karɓi fiye da wata 2 na abans da wata 2 na kosiyon ba. Ko an bi dokar sau da ƙafa, a ƙara wata guda na dillalin da ya nuna ɗakin, wata 5 ke nan a dunƙule kafin a miƙa maka mabuɗi. Ɗakin jika 25, ciki ɗaya ba ban ɗaki, jika 125. Mai rarar jika 7 a wata sai ya yi shekara ɗaya da rabi yana tarawa, in bai aika gida ko sisi ba. Kuma Abijan ba ta fi sauran tsanani ba. A Akra doka ta ce wata 6, masu gidaje suna neman shekara ɗaya ko biyu. A Legas hayar shekara ake biya gaba ɗaya. Shi ya sa ɗiyanmu suke kwana shida, takwas a ɗaki guda, wasu a cikin shago bayan an rufe, wasu a barandar masallaci, wasu a ɗakunan katako a bakin kwata da gangaren tudu, inda kowace damana ake jin ƙasa ta rufta da mutane. Waɗannan unguwannin ne kuma ake rushewa. A 2024 an rushe Gesko da Boribana, da unguwar mahauta ta Por-Buwe, wuraren da talaka da baƙo suke samun ɗaki mai sauƙi. Duk wanda aka rushe wa ɗaki yana zuwa ya yi layi ne a ɗakunan da suka rage, kuma mai gida ba wawa ba ne.

Yanzu ga inda namu laifin yake shigowa. Yaron bai cika kwana 40 ba uwarsa ta kira shi. Na san abin da ta ce, don a salulata aka yi kiran: maƙwabciya ɗanta ya aiko, ana bikin suna a dangi, kunya za ta kashe ta. Jika 20 take so. Ba ta yi don mugunta ba, yayata mace ce mai tausayi, ita dai a ganinta wanda yake Abijan yana kusa da inda ake buga kuɗi. Ya aiko jika 20 ɗin. A cikin kayen na ga inda suka fito. Ya soke shinkafar dare. Ya soke gbakar safe, ya riƙa tashi kafin asuba yana takawa. Ya koma wanka sau biyu a mako. A gefen shafin ya rubuta da ƙaramin rubutu: "yau ruwa kaɗai". Na ƙirga wannan rubutun sau 9 a wata guda. Mu a nan muka ce Allah ya yi masa albarka, yaro ya fara aiko. Kuɗin da muka yi suna da su, tuwon darensa ne muka ci.

Jikin da ba ya cin abinci, ga sauron bakin teku da ba ya tafiya hutun rani kamar namu, ba a daɗe ba zazzaɓi ya kwantar da shi. Awo da ordonas jika 18, kwana 8 ba fita. Maigida ya biya, ya rubuta. Sannan a watan Afrilu na 2024 hukumomin Abijan suka haramta talla a kan manyan tituna, da bara, da tura amalanke. Birninsu ne, dokarsu ce, ba ni da ta cewa a kanta. Abin da nake cewa shi ne, sana'o'in da aka haramta su ne ƙofar da sabon zuwa yake shiga ta cikinta, kuma a zaurukanmu babu wanda ya ji labari, aka ci gaba da tura yara su yi sana'ar da ta zama laifi. Sau biyu aka kama shi da kaya. Na farko ya roƙa aka sake shi, na biyu aka tafi da kayan jika 40. Maigida ya sake rubutawa.

Ga jimillar wata 16. Abin da aka kashe ya tafi: jika 150. Abin da ya aiko gida gaba ɗaya: jika 85. Bashin da ke kansa wajen maigida ranar da ya taho, har da kuɗin motar zuwa Sallah: jika 110. Rabin gonar tana hannun mai jingina har yau, damana biyu ke nan wani yana nome ta. Kwaleji ta wuce shi, sa'o'insa sun kai ajin birebe. Duk ɗan CM2 da na ba wannan lissafi zai gaya mini faɗuwa aka yi. Amma a garinmu ana lissafa shi cikin waɗanda tafiya ta karɓa.

Me ya sa? Saboda ranar Sallah ya fito da shadda sabuwa, da takalmi mai sheƙi, da salula mai faɗin tafin hannu. Shaddar bashi ce. Salular ta abokin ɗakinsa ce, aro ya yi na wata guda. Ya raba wa ƙannensa dala ashirin-ashirin, ya kai wa tsofaffi goro. Na tsaya a filin idi ina kallon yaran ajina suna kallonsa, kuma na san a ranar na yi asarar wasu daga cikinsu. Ukun da ba su amsa suna ba suna cikin masu kallon. Da na ce masa: "Kai kuwa, don mi ba ka faɗa musu gaskiya ba?" sai ya ce: "Kawu, in na faɗi, a ce ni ne rago. Kowa haka yake yi." Bayan Sallah da mako biyu ya koma, don bashi yana jiransa. Haka abin yake juyawa: kowane ɗan biɗa yana sayen mutuncinsa na mako biyu da ƙaryar da za ta ja ƙanensa cikin ramin da shi yake ciki.

Na san amsoshin da za a ba ni, don an sha ba ni su a zaure da bakin kasuwa.

Za a ce: "Mushe, kai kana da albashi. In ya zauna mi zai ci? Hatsin bana ba ya kai mu watan bakwai." Wannan magana ce mai nauyi, ba na raina ta. Na san gidajen da rage baki ɗaya a kan tukunya shi kansa taimako ne. Amma a dubi abin da aka yi: don a rage baki ɗaya, an sayar da awakin da ke haihuwa, an ba da gonar da ke ciyar da sauran bakunan. Jika 150 ɗin nan da hatsi aka saya da su lokacin kaka, yana da arha, da sun ciyar da yaron har wata kakar da saura. Da jarin noman albasa aka yi da su a fadama, ko aka biya masa koyon gyaran babur ko walda a Tawa yana gama birebe, da yau akwai abin nunawa. A damanar 2024, da hatsi ya yi tsada, jika 20 da yake aikowa bayan wata uku ko huɗu ba su sayen buhu guda. Talauci dalili ne na a yi lissafi da kyau. Mai kuɗi ne yake iya yin kuskuren jika 150 ya kwana lafiya.

Za a ce: "Masu dipulom ma ga su nan zaune, ƴan kwantaragi sai wata ya yi nisa ba su ga pekil ba." Gaskiya ne, na yi kwantaragi shekaru kafin a ɗauke ni, na san ɗacinsa. Amma ni ban ce yaro ya yi karatu don ya zama ma'aikacin gwamnati ba. Ku tambayi duk wanda ya zauna Abijan: wa yake tsayawa a cikin shago yana riƙe da littafin bashi, wa yake yawo a rana da kaya a ka? Wa ake ɗauka gadi a kamfani da albashin wata, wa ake bari da dako? A can da Faransanci ake ciniki, da shi ake rubuta rasit da takardar haya da ordonas, da shi ɗan sanda yake tambaya. Yaron da ya kai birebe yana iya karanta abin da zai sa wa hannu, yana iya duba littafin maigida ya ce nan an ƙara. Wanda aka cire a CM2 sai abin da aka gaya masa. Ko biɗar ce za a yi, shekara huɗun kwaleji jari ne da ba a ƙwace shi a shinge.

Za a ce: "Arziki na Allah ne, wane da wane da silifa suka tafi, ga shi sun gina gidan siminti sun kai iyayensu Makka." Na san su, ina gaishe su, wasunsu sun taimaki lakwal ɗinmu da benci. Amma a ƙirga su. A garinmu ba su cika yatsun hannu biyu ba, cikin ɗaruruwan da suka tafi. Galibinsu sun tafi da girmansu, sun sauka hannun uba ko wa mai shago wanda ya ɗauke musu ci da kwana shekarar farko. Sauran fa? Waɗanda suka shekara goma ba su zo ba don kunyar dawowa hannu wofi, matansu na zaune ba aure ba saki? Waɗanda aka kira aka ce an yi musu sutura a can, ƴan gari suka yi karo-karon kuɗin kabari? Su ba su da gidan siminti da za a nuna da yatsa, shi ya sa ba su shiga lissafi. Addinin da ya koya mana tawakkali shi ne kuma ya ce a ɗaure raƙumi tukuna.

Sai mu, ƴan uwana malamai. Shekara 20 ina rubuta wa yara matsalar lissafi a allo: pampo yana cika tanki cikin awa kaza, ɗan kasuwa ya sayi yadi kaza. Yawancin yaran da ke gabana ba su da pampo a gida, amma kusan kowannensu yana da wa ko uba a bakin teku, kuma rabin mazan can suke hange. Lissafin da zai fi yi musu amfani a rayuwa ban taɓa rubuta shi ba sai bana. Muna cika rajista, mu rubuta "ya bar makaranta", mu aika adadi sama, mu ce iyaye jahilai ne. Wane jahilci? Mutumin da ya san ko dami nawa gonarsa za ta ba shi tun hatsi bai fid da kai ba, ya iya lissafi. Adadin ne babu wanda ya kawo masa. Mu da muke da alli da allo da taron kojes, me muka yi da su?

Bana na rubuta kayen ɗan yayata a allo, ba suna. Na ce su haɗa, su cire, su gaya mini wata nawa zai yi kafin ya mayar da jika 150. Ajin ya yi tsit. Wata yarinya a bencin gaba ta ɗaga hannu ta ce: "Mushe, to yayana da yake aiko muna jika 15 kowane wata, shi mi yake ci?" Na ce ta tambaye shi in ya kira. Bayan kwana uku uwarta ta zo har lakwal, ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce in sake yi mata lissafin nan a hankali.

Don haka ga abin da nake nema, kuma babu ɗaya a ciki da yake jiran gwamnati ko wata ƙungiya.

Iyaye: kafin a sayar da akuya ko a ba da gona, a kira wanda yaron zai sauka hannunsa, a tambaye shi dalla-dalla. Ina zai kwana, su nawa ne a ɗakin, nawa zai biya? Wa zai ciyar da shi wata ukun farko? Wane aiki ne, kuma an yarda da shi a titi ko kamawa ake yi? In ya kwanta ciwo wa zai biya, kyauta ko bashi? In babu amsa, babu tafiya. Yaron da bai kai shekara 18 ba, bai da katin ɗan ƙasa, a bar shi ya gama abin da ya fara. In kuwa ya riga ya tafi, a ba shi wata 6 ba a tambaye shi ko dala ba. In an kira, a fara da "ka ci abinci?" kuma a saurari amsar da kyau, don zai ce ya ci.

Masu gida da manyan ƴan biɗa: ku ne kuka san farashin komai. In uba ya kira ku ya ce zai turo yaro, ku faɗa masa adadin, ko da zai ji haushi. In kun zo Sallah, ku sa shaddarku, halalinku ce, amma ku zauna da samari dare ɗaya ku gaya musu nawa ne wanka a Abobo.

Malamai: kowannenmu yana da tsohon ɗalibi a Abijan ko Kwatano ko Lome ko Akra. A kira shi, a karɓi farashin ɗaki da abinci da mota na bana, a mai da shi darasin lissafi kafin kaka, tun yaran suna kan benci. A kai shi taron kojes da na ƙungiyar iyaye mata, a yi shi da dala da jika, da Hausa, a bar iyaye su haɗa da kansu. Wanda ya ga adadin ya ce duk da haka ɗansa zai tafi, to ya yanke shawara da idonsa buɗe, kuma wannan haƙƙinsa ne.

Uban da na tarar yana tufkar igiya ya zo wurina makon jiya da salularsa, ya ce in kira masa Abijan. Yaron ya ɗauka, ana jin ƙarar motoci a bayansa. Uban ya riƙe salular da hannu biyu, ya yi gyaran murya, ya ce: "Ba kuɗi nike so ba. Ina tambaya ne, a ina kake kwana?" Aka yi shiru a can, har na zaci layin ya yanke. Sunan yaron yana nan a rajistata, ban soke shi ba, kuma na gaya wa direkta ba zan soke shi ba sai ƙarshen shekara.